Tako: yadda mutanen Meksiko ke mai da masara da sauran tukunya jari

 

A wannan fitowa za mu kai ku ƙasa mai nisa, Meksiko, wadda ke kudu da Amurka, inda ake magana da Sipaniyanci. Dalilin tafiyar a gida yake. A gungu da yawa, in aka buɗe akwati aka ba da rance, mace biyar ko shida sana'a ɗaya suke faɗawa: wannan ƙosai, waccan ƙosai, ta ukun awara, ta huɗun ma awara. Layi ɗaya, masu saye ɗaya, sai a kama karya wa juna farashi, ranar biyan bashi kuma ido ya raina fata. To a Meksiko akwai wani abincin bakin titi da ake kira tako, wanda dubban iyalai ke ci da shi, kuma a unguwa ɗaya sai ka ga masu sayar da shi da yawa kowa da nasa masu saye. Mun ga ya dace mu duba yadda suke yi.

Mene ne tako?

Tako abu biyu ne a haɗe. Na farko wata ƴar gurasar masara ce, siririya, mai laushi, faɗinta kamar tafin hannu, sunanta tortiya. Na biyu shi ne mahaɗin da ake zubawa a tsakiyarta: nama, wake, ganye, dankali, kifi, duk abin da ya samu. Sai a yaryaɗa ɗan miyar barkono da suke kira salsa, a watsa yankakkiyar albasa da wani ɗanyen ganye mai ƙamshi, a matse lemun tsami, a naɗe, a ci da hannu a tsaye. Loma uku ko huɗu ya ƙare. Babu cokali, babu kwano mai zurfi, tortiyar ita ce faranti ita ce cokali.

Tortiya kusan iri ɗaya ce ko'ina. Mahaɗin ne ke bambanta mai sayarwa da maƙwabciyarta, kuma a nan dubarar take.

Wani abin dariya: ƙullin masarar da ake yin tortiya da shi, da yarensu sunansa masa. Adashen da matansu ke yi kuma, inda mutum goma ko fiye ke zubi duk mako a kwashe bi da bi, sunansa tanda. Mu kuwa a cikin tanda muke soya masa! Sunaye ne kawai suka zo ɗaya, amma adashen nasu da namu tafiyarsu guda, kuma masu sana'ar abinci da yawa da kwasar tanda suke sayen kasko da tukwane.

Masarar da aka dafa da toka

Masara ƴar asalin Meksiko ce. A can aka fara nomanta, shekaru wajen 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu duniya har ta iso fadamunmu. Mutanen can ba sa niƙa ta busasshiya in za su yi tortiya. Sukan dafa ƙwayar a ruwa tare da wani farin gari na ƙonannen dutse da suke kira kal, kimanin giram 10 a kilo guda na masara, wasu kuma a ƙauye da tokar itace suke yi. Bayan ta ɗan dahu sai a sauke, a bar ta ta kwana a ruwan. Da safe a wanke ta sosai, ɓawon ya saɓule da kansa ba tare da surfe a turmi ba, sannan a markaɗa ta da danshinta. Wannan dafaffiyar masara sunanta nistamal. Ƙullinta yana da danƙo, yana mulmuluwa, ana iya tafa shi tsakanin hannu biyu har ya yi faɗi bai tsage ba. A gasa shi a kan wani faffaɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe mai suna komal, ba mai ko ɗigo.

Wannan dahuwa tana da amfani ga jiki. A cikin masara akwai wani bitamin, B3, wanda yake a ɗaure, jiki ba ya iya ɗaukarsa sosai sai an dafa ta haka. Da Turawa suka kwashi masara zuwa ƙasashensu suka bar dubarar a baya, talakawan da suka dogara da masara kaɗai a Italiya da Sipaniya da kudancin Amurka sun sha fama da wata cuta, felagira, mai sa fata ta yi kaushi a inda rana ke duka, ga zawo, ga ruɗewar hankali. Mutanen Meksiko da ke cin masara safe da yamma, cutar ba ta yi musu wannan ɓarna ba. Mu da muka saba da ruwan toka da kanwa a girki, wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Gargaɗi ɗaya dai: kal ɗinsu na abinci ne, kada wata ta ɗebo farin garin masu gini ta zuba a tukunya.

Takon kwando: na mai ƙaramin jari

Mu fara da wanda ya fi arha. Sunansa tako na kanasta, wato na kwando. Mahaɗinsa bai wuce dakakken dankalin turawa ba, ko markaɗaɗɗen wake da aka soya, ko ɗan nama a jar miya, ko soyayyar fatar alade. Tun cikin dare ake haɗa su. A shimfiɗa leda da takarda da zane a cikin babban kwando, a jera tako ɗaruruwa a kan juna, ana yi ana watsa albasa, a ƙarshe a kwarara mai mai zafi da aka soya da barkono, a rufe ruf. Tururin da ke ciki shi ke ƙarasa dafa su, shi ya sa ake musu laƙabi da masu gumi. Suna riƙe ɗuminsu awa da yawa.

Da gari ya waye sai a ɗaure kwandon a bayan keke, da kwalaben salsa a gefe, a nufi bakin ma'aikatu da makarantu da wuraren gini. Akwai wani ƙauye a jihar Tilaskala, San Bisente, wanda yawancin gidajensa wannan ce sana'arsu, har bikinta suke yi duk shekara. Kun ga a nan babu kuɗin hayar shago, babu gawayin da ke ci yini guda ana jiran mai saye. Wuta sau ɗaya ake hurawa, abinci kuma shi ke zuwa wajen mai yunwa.

Takon miya: girkin gida a bakin titi

Na biyu shi ne tako na gisado, kuma shi ne mata suka fi riƙewa. Mace za ta dafa miya iri biyar ko fiye a gida, ta jera su a tukwanen ƙasa a kan tebur da safe: kaza da aka yayyaga aka dafa da tumatir da albasa, niƙaƙƙen nama da dankali, yankakken tattasai da kirim, hanta da albasa, ƙwai a miya. Mai saye ya nuna wadda yake so, ta shafa ƴar shinkafa ko wake a kan tortiya, ta ɗora cokali guda na miyar. Shinkafar nan tana tare romo kada ya zube, tana kuma cika ciki, saboda haka naman da zai ishi mutum uku a faranti sai ya ishi goma a tako. A jihar Morelos har dafaffen ƙwai da shinkafa kawai ake naɗewa a tortiya biyu a sayar wa ma'aikata.

Kafin la'asar ta tattara ta koma gida. Ba ta koyi wani sabon girki ba, abin da take dafa wa iyalinta ne ta fito da shi a ƙananan rabo da talaka zai iya saye.

Rago a rami, akuya a tukunya

Kafin zuwan Turawan Sipaniya, waɗanda suka ci babban birnin ƙasar da yaƙi a 1521, babu tumaki ko awaki ko shanu ko alade ko alkama a Meksiko. Su suka kawo su. Mutanen ƙasar suka haɗa sabbin dabbobin da tsohuwar dubararsu ta gashi a rami.

A jihar Idalgo ana yin barbakowa. A haƙa rami mai zurfin kusan mita guda, a hura itace a ciki har duwatsun su yi ja. A ajiye tukunya a ƙasa da ruwa da shinkafa da wani irin wake, a ɗora naman rago a samanta an naɗe shi da manyan ganyen wata shuka mai suna magey, a rufe ramin da ƙasa, a bar shi ya kwana. Da asuba nama ya yi laushi yana rabuwa da ƙashi, romonsa kuma ya ɗiga cikin tukunyar. Rago ɗaya ya ba da kaya uku: nama a tako ko a kilo, romo a kofi, da tumbin da aka cusa wa kayan ciki da yaji. Galibi Asabar da Lahadi da safe kawai ake sayarwa, kafin azahar ya ƙare.

A jihar Halisko kuma akwai biriya. Kada sunan ya tsorata ku, ba ruwanta da biri: naman akuya ne da ake jiƙawa a markaɗen busasshen barkono da kayan ƙamshi da ruwan tsami, a dafa shi a hankali har ya narke, a ci da romonsa.

Kan saniya ma ba a raina shi. Masu takon kai sukan turara shi gaba ɗaya, sannan su sayar da kowane sashe da sunansa: harshe, kunci, leɓe, ido, ƙwaƙwalwa. Harshe ya fi tsada. Hanji kuma a soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras. Masu sayar da kai da ƙafa a cikinmu, ku lura da wannan: abin da ake sayarwa a dunƙule, in aka rarrabe shi aka ba kowane yanki suna da farashinsa, kuɗinsa ba ɗaya ba ne.

A arewacin ƙasar, kamar jihar Sonora inda ake kiwon shanu da noman alkama, naman sa ake gasawa a kan gawayi kamar balangu, a yayyanka a zuba a tortiyar alkama. A bakin teku, a garin Ensenada, kifi ake tsomawa a ƙullin fulawa a soya, a ɗora yankakken kabeji. Kowane yanki da abin da Allah ya hore masa yake cika tortiyarsa.

Waɗanda ba namu ba

Mu faɗa a fili, wasu shahararrun tako da naman alade ake yinsu, don yawancin mutanen ƙasar Kirista ne. Akwai karnitas na jihar Micowakan, da ake dafawa cikin kitsensa a babbar tukunyar tagulla, da kocinita pibil na Yukatan, da ake naɗewa a ganyen ayaba a gasa a rami. Har waken da suke soyawa sau da yawa da kitsen alade ne. Abincin wani gubar wani.

Sai dai tarihin ɗaya daga cikinsu abin ji ne. Baƙi daga Labanan da maƙwabtanta sun sauka a garin Puwebla, kuma wajen shekarun 1930 suka fara sayar da shawarma, nama a tsire a tsaye yana juyawa a gaban wuta, suna naɗe shi a gurasarsu ta alkama. Ƴan gari suka ɗauki dubarar, suka canza naman, suka shafa masa jan barkono, suka koma tortiyar masara, suka ƙara yankin abarba a kai. Shi ne ya zama al-pasto, takon dare da ya fi kowane suna a birnin Meksiko a yau. Abin da aka aro shi ne hanyar gashi, kayan haɗi kuwa na gida ne.

Ganye, fara da zoɓo

Takon ƙauye sau da yawa ba ya ganin nama. Matan karkara suna tsinko ganyayen da ke fitowa da kansu a gonar masara, waɗanda suke kira kelites, cikinsu har da dangin alayyafo, su soya da albasa da tafarnuwa. Suna cin furen kabewa da cuku. Suna kankare ƙayar wata shuka mai faffaɗan ganye mai kauri, nopal, su gasa ko su dafa, tana da ɗan yauƙi irin na kuɓewa. Akwai ma wani baƙin naman gwari da ke fitowa a goyon masara da damina, witlakoce, wanda a wasu ƙasashe manomi ke yarwa, su kuwa sun fi sayar da shi da tsada a kan masarar kanta.

A jihar Wahaka, fara ake ci. Sunanta capulin. A wanke ta, a gasa a kasko da tafarnuwa da gishiri da lemun tsami da barkono, mata su tara ta a manyan kwanduna a kasuwa suna aunawa da ɗan kwano. Duk wadda ta taɓa ratsa layin masu fara a kasuwar Maraɗi ko ta Yamai, in aka ajiye ta a can za ta ɗauka gida ta zo.

Sai zoɓo. Mutanen Meksiko suna shan ruwansa sosai, suna kiransa hamaika, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu, sai sun sayo busasshe daga waje, musamman Najeriya, inda jihar Jigawa, maƙwabciyar Damagaram, ke kan gaba wajen nomansa. To bayan an tafasa an tace, wasu masu girki a can ba sa zubar da furen. Sukan ɗauraye shi don tsamin ya ragu, su yayyanka, su soya da albasa da tumatir da barkono, su naɗe a tortiya. Yana da ɗan tauri a baki kamar nama. Masu sayar da zoɓo a leda ko a gora, tuƙar nawa kuke zubarwa a bola duk mako?

Ranar da masara ta yi tsada

Kada mu nuna kamar komai zuma ne. Duk wannan sana'a a kan masara take tsaye, in masara ta motsa kowa sai ya ji. A farkon 2007 farashinta ya hau a kasuwar duniya, har da dalilin yadda Amurka ke mai da ita man mota, aka kuma zargi manyan ƴan kasuwa da ɓoye ta. Kuɗin tortiya ya yi tsalle, a wasu wurare ya kusan ninkawa. Dubun dubatar mutane suka fito zanga-zanga a birnin Meksiko a ƙarshen watan Janairu. Gwamnatin shugaba Felipe Kalderon ta yi yarjejeniya da manyan masu sana'ar cewa kilo kada ya wuce peso 8.50. Mai ƙaramin tebur ita ta fi shan wuya, don in ta ƙara kuɗi masu saye su gudu, in ta bari riba ta tafi.

Wannan kam mun san shi. Mai ƙosai da ke sayen wake tiya-tiya da bazara, ribarta ɗan kasuwa take yi wa. Gungun da ya haɗa kuɗi ya sayi buhu da kaka ya adana, membobinsa ne ke iya riƙe farashi lokacin da wasu ke rufe kasko.

Ƙaramin wuri, babban suna

A 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na Meksiko cikin kayan gadon duniya da ya kamata a kiyaye, kuma matan karkara masu girki na jihar Micowakan aka ba da misali da su. A 2024 kuma littafin Michelin na Faransa, mai ba manyan gidajen abinci tauraro, ya ba wani ɗan shagon tako a birnin Meksiko tauraro guda. Sunansa El Califa de León, yana nan tun 1968, ɗan ƙuƙumi ne, masu saye a tsaye suke ci. Tako iri huɗu kacal yake sayarwa. Ana tafa tortiya a gabanka, a gasa nama da gishiri da lemun tsami, shi ke nan. Shekara sama da 50 ana yin abu ɗaya ba a canza hannu ba, har duniya ta zo ta same su.

Abin da za mu kai taron mako

Ba muna cewa gobe kowa ta kama yin tortiya ba. Wadda ke son gwadawa, ta gwada da tiya guda a gida, ta ba yara da maƙwabta su ɗanɗana kafin ta taɓa kuɗin rance. Abin da muka gani shi ne masu tako sun raba kasuwa tsakaninsu ta hanya uku. Sun raba ta da mahaɗi, kowa an san shi da abu guda. Sun raba ta da lokaci: kwando da miya da safe, rago ƙarshen mako, gashi da dare. Sun kuma raba ta da wuri, wani a tsaye wani a kan keke. Shi ya sa mutum goma ke sayar da abu mai suna ɗaya a unguwa ɗaya ba tare da sun kashe juna ba.

Tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. In duniya ta ari dubararmu ta asusu, mu ma ba laifi mu ari ta wasu ta kasuwa. Ga tambayoyin da muke so shugabar gungu ko magatakarda ta karanta bayan an gama zubi:

1. A cikinmu mace nawa ke sayar da abu iri ɗaya, a layi ɗaya, a lokaci ɗaya? Wa za ta iya komawa safe, wa za ta koma dare?

2. Kafin a ba mace rance, muna tambayarta me zai bambanta kayanta da na maƙwabciyarta?

3. Me muke zubarwa a sana'armu, romo ne, tuƙa ce, ganye ne, wanda zai iya zama kaya na biyu?

4. Wane wuri ne a garinmu ake da masu yunwa da kuɗi a hannu, tasha, bakin makaranta, wurin gini, amma abinci mai tsabta ba ya isa can? Kuma wa zai kai, ba tare da an cire yarinya daga aji an ɗora mata talla ba?

5. Nawa za mu ware a akwati bana don sayen wake ko masara da kaka?

Gungun da ya tattauna ya samu amsa, ya aiko mana ta hannun wakiliyarsa, za mu buga don sauran ƴan uwa na Tawa da Damagaram da Maraɗi da Yamai su ƙaru. Allah ya sa albarka a zubi, ya ba mu kasuwa mai tsabta, ya rufa mana asiri ranar biya. Amin.